GUZURIN GIDA BA ABIN KUNYA BA NE

Duk wanda ya ratsa Fagge ko Sabon Gari da azahar zai ga akawuna da malaman makaranta sun yi cincirindo wurin masu sayar da abinci, kowa yana jiran a ɗora masa tsoka guda. In ka ce wa ɗayansu ya riƙo abinci daga gida, sai ya ce ai shi ba yaro ba ne. To, 'yan'uwa, girman kai rawanin tsiya ne. Mu zauna mu yi lissafi.

Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu, 2023, abinci ya yi tsada ƙwarai. A 2024 Gwamnatin Tarayya ta yanke naira 70,000 a kan albashi mafi ƙanƙanta. A ce mutum yana kashe naira 1,500 kullum wajen abincin rana. Cikin kwana 22 na aiki ya ci naira 33,000 ke nan, watau kusan rabin wannan albashi, iyali kuwa ba su ga ko loma ba.

Abin da ya fi cin kuɗi a faranti shi ne nama. Amma kuwa iyayenmu sun daɗe da sanin abincin da ke riƙe ciki ba tare da shi ba. Ga garau-garau da mai da yaji, ga ɗan wake, ga dambu da zogale, ga kwaɗon rama da ƙuli-ƙuli, ga gurasa bandashe, ga awarar waken suya. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake a duniya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayarsa kuma sinadarin gina jiki ne. In aka haɗa wake da hatsi, abin da wannan ya gaza wancan ya cika. A yanka tumatir ko a matsa lemon tsami a kai, gama suna taimakon jiki ya amfana da sinadarin ƙarfe mai ƙara jini.

A Ingila, a 1944, wani mutum Donald Watson da abokansa suka kafa ƙungiyar waɗanda ba su cin nama, ko ƙwai, ko nono. Mu ba mu ce a bi su har can ba, domin bitamin B12 ba a samunsa a tsiro, wanda ya bar waɗannan duka sai ya nemi ƙwayar maganinsa. Abin da mu ke cewa shi ne, abincin da Bature ya ke tinƙaho da shi, mu a tukunyarmu ya ke, mun raina shi.

Wani zai ce zafin Kano yana lalata abinci. Gaskiya ne, alala da abinci mai ruwa ba su kai la'asar a watan Afrilu. Dabara ita ce a dafa da asuba, a zuba cikin kula mai tsabta, a ƙulla mai da yaji dabam, a ci kafin rana ta karya. Lokacin bazara a fi ƙarfafa gurasa da ƙuli-ƙuli. Wake da gyaɗa kuma a saye su da kwano ran da aka yi albashi, a Dawanau ko kasuwar Sabon Gari, kada a tsaya sayen gwangwani-gwangwani. Kada kuma a bar wa uwargida aikin ita kaɗai. Maigida ya kawo cefane da wuri, yara su tsince wake tun da dare.

Ku malamai, ku ne madubi. Na sha ganin yaro yana ɓoye kwanonsa bayan aji don kada a yi masa dariyar wake. Ran da ya ga malaminsa ya buɗe irin wannan kwano a gaban jama'a, ya bar jin kunya ke nan. Ku gwada wata guda, sa'an nan ku ƙidaya abin da ya saura a aljihu. Allah ya sa mu gane.