Duniyar Kimiyya: Mai Gadin Haruffa Da Sunayenmu Na Hausa

A wannan mako za mu duba wani ɗan ƙaramin aiki da kwamfuta ke yi kafin ta karɓi abin da aka rubuta mata, wanda ƙanƙantarsa ba ta hana shi ɓata wa mutum rana ba.

Mu ɗauka wani mai sayen dankalin Turawa a kasuwar Farin Gada ta Jos zai aika kuɗi ta waya. Lambar asusun banki a Nijeriya alƙaluma 10 ce. To, yaya na'ura za ta gane cewa alƙaluma zalla aka rubuta? A harshen tsara kwamfuta mai suna C, wanda Dennis Ritchie ya ƙago a Amurka wajen 1972, akwai wani umurni da ake kira strspn, yana kuma cikin ƙa'idar harshen ta 1989. Aikinsa kamar na mai gadi ne. Ana ba shi rubutu, a ba shi jerin haruffan da aka yarda da su. Sai ya fara daga farkon rubutun yana ƙirgawa, da zarar ya ci karo da wanda ba ya cikin jerin, sai ya tsaya cak, ya faɗi adadin da ya ƙirga.

Misali, idan mutum ya rubuta 01234O6789, watau ya sa harafin O a gurbin sifiri, amsar da zai bayar ita ce 5. Tun da 10 ake nema, sai a ce masa ya gyara. Amma fa a lura, farkon rubutu kaɗai yake aunawa. Wajibi ne mai tsarawa ya gwada amsar da tsawon rubutun gaba ɗaya, in ba haka ba, shirme zai iya biyo bayan alƙaluma goman ya wuce salin alin.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen sunaye. Yawancin masu tsarawa haruffan Ingilishi 26 kaɗai suke zubawa a jerin, manya da ƙanana. Saboda haka Sa'adu zai tsaya a 2, Baƙo ma a 2, Ɗanladi kuwa ko ƙofa ba zai shiga ba, sifiri zai samu. Ga wani tarkon kuma: a tsarin UTF-8 na 1992, wanda akasarin intanet ke aiki da shi, harafin ƙ gurbi biyu yake ci. Shi kuwa strspn gurabe yake ƙirgawa, don haka ko an yarda da ƙ, Baƙo 5 zai nuna maimakon 4. Maganin wannan yana wurin ɗan'uwansa wcsspn, wanda ke ƙirga cikakkun haruffa.

Wannan ba abin wasa ba ne. Sunan da aka yanke wa rago ya koma Bako a takardar makaranta, ranar da takardu suka saɓa wa juna kuwa, mai sunan ne zai sha zirga-zirga a ofisoshi.

Don haka muna kira ga ɗalibanmu na Jami'ar Jos da sauran makarantu, duk wanda zai rubuta jerin haruffa, ya tuna da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manyansu da ƙananansu, da kuma alamar hamza. Na'ura ba ta da laifi, abin da aka ba ta shi take tsarewa.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.