Hucin Akwatin Lasifika da Lafiyar Kunne

Mai shiga motar haya tsakanin Birnin Kudu da Gwaram ba zai rasa jin hucin akwatin lasifika ba idan kiɗa ya yi nauyi. Galibi laifin na ramin da aka huda a jikin akwatin ne. Iskar ramin tana kai-da-komowa kamar yadda take yi idan aka busa bakin kwalba, abin da Bajamushe Helmholtz ya yi bayaninsa a ƙarni na 19. Idan ramin ya yi ƙunci, sai iska ta yi gudu fiye da kima, ta hautsine, ta yi huci. Maganinsa a faɗaɗa ramin, a ƙara masa tsawo, a goge kaifin bakinsa.

Abin takaici, direba sai ya ƙara murya don ya danne hucin. Alhali yawan jin ƙarar da ta haura desibel 85 yana kashe ƙwayoyin ji na cikin kunne, kuma ba sa sake tsirowa.

A ganina, ya kamata malaman kimiyya su kai ɗalibai wurin kafinta, da kwalba da tef ɗin awo. Rigakafi ya fi magani.