Ƙuri'a Ta Gidan Waya Ba Za Ta Fisshe Mu Ba



A taron ƙungiyarmu ta gama kai wani dattijo ya kawo kuka. Ya ce zaɓen 2023 ya faɗo a watannin Fabrairu da Maris, lokacin da an gama sussukar gero, an sayar da riɗi da zoɓorodo, samarinmu na Gumel da Gagarawa da Sule Tankarkar kuwa sun tafi ci-rani Kano da Ikko. Ya ce don me ba za a bar su su aiko da ƙuri'a ta gidan waya ba, kamar yadda ake yi a Amurka?

Kukansa gaskiya ne, amma ni ban yarda da maganin ba. A rumfar zaɓe mutum shi kaɗai yake dangwalawa, daga shi sai Allah. In kuwa takarda ta zo gida, wa zai hana wanda ya ba ka bashin taki ya tsaya a kanka har ka dangwala? Wa zai hana maigida ya cika ta matarsa? Wanda bai iya karatu ba fa, a hannun wa za ta faɗa? Ko a Amurka ɗin an taɓa samun maguɗi. A 2018, a jihar Karolina ta Arewa, an biya mutane suna bi gida gida suna karɓar irin waɗannan takardu, har aka soke zaɓen wani ɗan majalisa aka sake shi a 2019. To, in haka ta faru inda wasiƙa ke zuwa har ƙofar gida, ina ga ƙauyukanmu?

A ƙasarmu sai mutum ya je da ƙafarsa. A 2023 hukumar zaɓe ta INEC ta yi aiki da na'urar BVAS mai duba yatsa ko fuska, don haka katin wani ba ya yi wa wani amfani. Amma ku lura, mai sayen katinka ba ya bukatar ya yi zaɓe da shi. Ya ishe shi ya hana ka. Ku tuna da Isuwa, wanda ya sayar da matsayinsa na ɗan fari saboda abincin yini guda. Taliya da sabulu na ƙarewa cikin mako, mugun shugaba kuwa shekara huɗu za ka yi da shi.

Shawarata uku ce. Kada ka ba kowa katinka, ko da a kasuwar Maigatari aka tare ka da kuɗi a hannu. Wanda ya daɗe a birni ya nemi a mayar da rajistarsa can in an buɗe rajista. Kowace ƙungiya kuma ta ware ɗan abu daga asusunta tun da kaka, don kuɗin motar 'ya'yanta su dawo gida ranar zaɓe, ba tare da an tambaye su wanda za su zaɓa ba.

Allah ya ba mu shugabanni masu tsoronsa, amin.