Likitocin Tiyatar Ƙwaƙwalwa: Ina Suke, Kuma Ina Matan?

A zangon karatun da ya gabata wani ɗalibina ya faɗo daga kan acaɓa, kansa ya bugi kwalta. Ya miƙe da ƙafarsa, har ya ce wa abokansa lafiyarsa lau. Bayan 'yan sa'o'i ya fara amai, daga nan ya suma. A asibitin farko aka ce jini ne ya taru a cikin ƙoƙon kansa yana danne ƙwaƙwalwa, kuma ba su da wanda zai buɗe kan ya kwashe shi. Sai da aka yi tafiyar awa huɗu kafin a kai ga likitan da ya yi aikin. Allah ya yi da sauran kwana. Tun daga ranar nake bin diddigin lissafin irin waɗannan likitoci a duniya.

Wani bincike da aka wallafa a 2018 ya kiyasta cewa kowace shekara ana samun larura kusan miliyan 13.8 da ke buƙatar tiyatar ƙwaƙwalwa ko laka, kuma kimanin miliyan 5 daga ciki ba a yi musu aikin. Masu binciken suka ce sai an ƙara likitoci kusan 23,300 kafin a cike gurbin. Ƙidayar da ta fito a 2024 ta nuna adadin likitocin a duniya ya kai kusan 73,000. Wannan ci gaba ne, sai dai rabon ya yi muni. Japan kaɗai tana da fiye da 7,000, alhali duk nahiyar Afirka, mai mutane sama da biliyan ɗaya, ba ta kai rabin haka ba. A cikin Afirkar ma, kaso mafi tsoka yana arewaci, a Masar da Aljeriya da Maroko. Akwai ƙasashen da ba su da ko guda ɗaya. Jinin da ya taru a kai kuwa ba ya jiran a nemo likita daga wani gari.

Batu na biyu shi ne mata, waɗanda a jimlar duniya ba su kai ɗaya cikin biyar na masu wannan aiki ba. Ba don sun makara ba ne. Tun a 1944 Sofiya Ionescu ta yi tiyatar ƙwaƙwalwa a Romaniya. A yau mafi yawan matan Afirka da ke wannan fanni suna Aljeriya, abin da ke nuna cewa idan ƙasa ta buɗe ƙofa, mata za su shiga. Abin da ke tare su sananne ne: bayan shekara shida a makarantar likita, sai wasu kimanin shida na ƙwarewa, da kwanan asibiti da kiran tsakar dare, duk a shekarun aure da haihuwa. Wadda ba ta samu hutun haihuwa da goyon bayan miji da iyaye ba, dole ta koma wani fannin.

Mu ma muna da abin nuni. A 1962 Latunde Odeku ya dawo daga Amurka ya kafa sashen tiyatar ƙwaƙwalwa a asibitin koyarwa na Ibadan. Dakta Salamat Aliu-Ibrahim, mace ta farko da ta ƙware a fannin ta hanyar horon gida a Afirka ta Yamma, a Sakkwato ta samu horonta. Ke nan ba sai an tsallaka teku ba.

Kirana ga gwamnoninmu shi ne kowace jiha ta ɗauki nauyin horar da 'ya'yanta, maza da mata, ta kuma tanadi na'urar hoton ƙwaƙwalwa da ɗakin kula da masu tsananin ciwo, domin ƙwararren da bai samu kayan aiki ba zai tattara nasa ya nasa ya tafi inda suke. Ga iyaye da mazaje kuwa, duk yarinyar da muka tsayar a rabin hanya, mun rage wa kanmu likita ɗaya cikin 'yan ƙalilan. Kafin a kai ga haka, don Allah a riƙa sa hular kwano, kuma duk wanda kansa ya bugu ya fara amai ko gyangyaɗi, a garzaya da shi asibiti nan take.

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.