Zazzaɓi Ya Sauka, Ƙarfi Bai Komo Ba

Mai gida, ina so mu yi magana a kan kwanakin da ke biyo bayan ciwo. Mutum ya kwanta da mura mai zafi, ko shawara, ko kuwa yaro ya yi baƙon dauro. Bayan kwana bakwai ko goma zazzaɓi ya sauka, ya fara neman abinci, 'yan dubiya suka ce jiki ya yi kyau. Daga ran nan sai kowa ya ɗauke ido daga kansa. Amma shi ya san ƙafafunsa ba su ɗaukarsa. In ya je masallaci ya komo, sai ya nemi tabarma. Wannan ita ce kasalar bayan ciwo. Ba lalaci ba ne, ba kuwa sammu ba.

Ga dalilinta. Cututtukan nan, da mura da shawara da baƙon dauro da korona, wata irin ƙwayar cuta ce ke kawo su, wadda likitoci ke kira bairos. Kafso ba ya kashe ta. Jiki ne da kansa ke yaƙi da ita har ya kore ta, yaƙin nan kuwa da tsada. Zazzaɓi ya cinye kitse da tsoka, ga rashin cin abinci, ga doguwar kwanciya wadda ke sa gaɓoɓi su saki. Garin da aka yi yaƙi cikinsa, ko an kori abokan gaba, ai ba ran nan kasuwa ke ci ba.

Yawancin mutane ƙarfinsu kan komo cikin 'yan makonni. Na waɗansu kuwa ya kan daɗe, musamman bayan shawara. Da korona ta shigo Nijeriya a 2020 aka ga masu kasalar da ta wuce wata da watanni, har a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana abin a rubuce, ta ce wanda ya kai wata uku daga farkon ciwon yana fama da gajiya, ko haki, ko mantuwa, ba kuwa wata cuta dabam ta kawo su ba, to, ragowar korona ce ke damunsa. Watau abin nan da ake yi wa mutum gori a kansa, likitocin duniya sun yarda ciwo ne.

Ni dai a ganina, babban abin da ke mai da mutanenmu baya shi ne gaggawa. Na san dalili. Damina ba ta jiran kowa, ciyawa ba ta san an yi jinya ba, ga masara tana neman taki. Har wa yau, a ƙasarmu ta Yankara da Faskari da Sabuwa, ranar da aka sami zarafin zuwa gona mai nisa ba ranar wasa ba ce. Duk da haka ka yi lissafi. Wanda ya tashi daga ciwo ya yi noman yini guda, ba a ranar abin ke nuna kansa ba. Sai kashegari, ko kwana biyu bayan nan, a ga ya kasa ɗaga kai, ya sāke kwanciyar mako. Ya ci yini ɗaya, ya biya bakwai. Sauri ya haifi nawa ke nan.

Abin da ya kamata shi ne a auna aiki kamar yadda ake auna hatsi. Ka fita da sanyin safiya, ka komo da hantsi. In ka san za ka iya kunya goma, ka tsaya a biyar, tun da sauran ƙarfinka. Sa'an nan ka duba yadda ka kwana. In ka tashi garau kwana uku a jere, ka ƙara kaɗan. In ka tashi jiki ya mutu, ka koma inda ka faro, ba abin kunya ba ne. Kada kuma ka lizimci gado dare da rana, wannan ma yana ƙara kasala. Ka riƙa zagayawa cikin gida, ka zauna ƙofar gida a gaisa, ka yi barcin dare a kan lokaci. Sauran aikin gona kuwa, ina amfanin gayya in ba a yi wa irin wannan ba? 'Yan'uwa da maƙwabta su ba shi safiya guda, ya fi masa kwano goma na dubiya.

Maganar mata ta fi damuna. Namiji in ya ce ya gaji a kan saurare shi. Mace kuwa, ranar da aka ga ta tashi zaune, ran nan a ke mai da mata girkinta. Ga surfe, ga daka, ga jan guga, ga goyo a baya, wataƙila ma tana shayarwa. Taɓarya ba ta fi fartanya sauƙi ba. Mai gida, kai ne za ka faɗa, don ita ba za ta faɗa ba. A kai hatsi inji, yara su ɗebo ruwa, abokiyar zama ko wata 'yar'uwa ta riƙe tukunya mako biyu. Wadda ta yi a yau, gobe ita za a yi wa.

Sai batun kuɗi. Sau da yawa a kan zo mana a ce, "Malam, a yi masa ƙarin ruwa ya sami ƙarfi." To, ku ji abin da ke ciki. Leda guda ta rabin lita, irin mai sukari da aka fi sawa, giram 25 na sukari ke cikinta, watau kamar ƙaramin cokali shida. Kofi ɗaya na kunun gyaɗa ya fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Ƙarin ruwa na wanda amai da gudawa suka tsotse ne, ko wanda ba ya iya haɗiya. Mai iya ci da bakinsa, a sai masa wake, da ƙwai, da nono, da kifi, da awara, a yi masa kwaɗon zogale. Ya ci kaɗan kaɗan sau biyar ko shida a yini, ya sha ruwa mai tsabta. Ƙwayar tramol da samari ke haɗiya don noma, ina roƙonku ku nisance ta. Ba ta ƙara ƙarfi, gajiyar kawai take ɓoyewa har mutum ya yi wa kansa lahani, tana kama mutum ya kasa bari, tana kuma iya kawo jijjiga. Wanda ya tashi daga shawara kuma, hantarsa ba ta gama warkewa ba, kada ya sha kowane magani, na kemis ko na gargajiya, sai ya tambayi ma'aikacin asibiti.

Amma fa ba kowace gajiya ce za a zauna a jira ba. In zazzaɓi ya komo, a zo a gwada jini, don zazzaɓin cizon sauro ya kan biyo bayan wani ciwo, shi kuwa yana da maganinsa. In ka ja fatar idon mara lafiya ka ga cikin ya yi fari, ko tafin hannunsa, jini ya yi ƙaranci. In yana haki alhali yana zaune, ko ƙirji na ciwo, ko ƙafafu sun kumbura, ko ido ya sāke yin rawaya, kada a kwana. Tarin da ya kai mako biyu, da rama, da gumin dare, a gwada majina, don gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Abin da ya fi ƙarfinmu mu kan tura shi babban asibiti a Funtuwa ko Ƙanƙara.

Yaron da ya tashi daga baƙon dauro shi ne abin lura ƙwarai, gama cutar kan bar jikinsa ba kariya har watanni. A kawo shi a ba shi bitamin A saboda idonsa, a ci gaba da ba shi mama, a ƙara masa ci ɗaya a kan na kullum har ya mai da jikinsa. Babba kuma in wata guda ya cika kasala ba ta ragu ba, ya zo a duba shi ko da babu ɗaya daga cikin alamun nan. In za ku zo, ku taho da katin asibiti, da kwalayen duk magungunan da ya sha.