A SAYAR DA ZAFI, BA ISKA BA

'Yan'uwana 'yan makaranta da iyayenmu masu karanta wannan mujalla, ina so in yi magana a kan wani ma'auni da ake sayar da iskar gas da shi a Ingila da Amurka. Turawa suna rubuta sunansa therm, mu kuwa bakinmu ya fi sauƙin cewa tam, amma ba tam ɗin da muke nufi ba in mun ce tulu ya cika tam. A ganina wannan ma'auni yana daga cikin masu adalci da aka taɓa ƙirƙirowa don ciniki, ko da yake lissafinsa yana da ɗan wuyar sha'ani.

Da farko, mene ne shi? Turawan Ingila suna da wani ƙaramin awo na zafi da suke kira BTU, watau yawan zafin da zai ɗaga ɗumin ruwa mai nauyin laba ɗaya da digiri ɗaya a ma'aunin Farenhait. Wannan ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai wuce zafin da tsinken ashana guda yake bayarwa ba in ya cinye. To, in aka tara BTU 100,000, shi ne tam ɗaya. A awon da muke koyo a aji, tam ɗaya ya kai jul miliyan 105 da rabi, ko kuwa yunit 29 da 'yan kai na mitar lantarki. Da a ce ba a yin asarar zafi ko kaɗan, da tam ɗaya ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita 300, watau duro ɗaya da rabi.

Dalilin da ya sa aka fito da shi, shi ne abin da ya fi jan hankalina. Tun daga 1812, lokacin da aka kafa kamfanin gas na farko a birnin Landan, da gawayin kwal ake yin gas, kuma don haske ake sayensa. Saboda haka da yawansa ake sayar da shi, a auna ƙafa kubik nawa ya wuce ta mita, hukuma kuma ta duba irin hasken da harshen wutarsa yake bayarwa. Sai a 1885 wani masanin kimiyya na ƙasar Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya ƙirƙiro wata 'yar raga da ake ɗaura wa bakin fitila, wadda in ta yi zafi sai ta yi fari fat, ta haskaka ɗaki. Daga nan hasken harshen wuta ya daina zama abin lura, zafinsa ya zama shi ne magana. Ga kuma murhun girki da na ɗumama ɗaki sun yawaita a gidaje. Ashe ke nan mutane zafi suke saye, amma ana auna musu iska.

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar hatsi ya san illar wannan. Mudu biyu suna iya cika daidai wa daida, amma ɗaya gero ne tsantsa, ɗaya kuwa rabinsa ƙaiƙayi ne da tsakuwa. Mai awo bai tauye mudu ba, duk da haka an cuci mai saye. Haka gas yake. Kamfani zai iya turo mai rauni, mita ta yi ta juyawa, tukunya ta ƙi tafasa da wuri, kuɗi kuwa su ƙaru. Shi ya sa a 1920 majalisar dokokin Ingila ta yi doka wadda ta buɗe hanyar sayar da gas da tam. Kamfani ya faɗi yawan zafin da ke cikin kowace ƙafa kubik ta gas ɗinsa, ma'aikatan bincike su gwada su tabbatar, sa'an nan a ninka wannan da abin da mita ta nuna. In gas ya yi rauni, kuɗinsa ya ragu. Algus ya daina biyan mai yinsa.

Amfanin wannan ya fito fili bayan da aka gano gas na ƙarƙashin ƙasa a Tekun Arewa a 1965. Gas ɗin kwal yana da kimanin BTU 500 a ƙafa kubik, sabon kuwa kimanin 1,000, watau ninki biyu. Daga 1967 zuwa 1977 aka bi miliyoyin gidaje ana gyara murhu don ya dace da sabon gas. Da da ƙafa kubik ake ciniki, da an yi ta gardama a kan farashi. Amma tam bai damu da inda gas ya fito ba: ƙafa kubik 200 na tsohon, ko 100 na sabon, duk tam ɗaya ne.

Na san wasu abokaina za su ce, ina ruwanmu da tsohon awon Turawa, alhali kuwa duniya ta koma mita da kilo da jul? Suna da gaskiya ta wani gefen. Laba da Farenhait ba su da daɗin lissafi, kowa ya sha fama da su ya sani. Su kansu mutanen Ingila yanzu da kilowat-awa ake rubuta musu takardar kuɗin gas ta gida. Ni ma ba zan yi kuka ba in sunan tam ya ɓace. Amma su lura, abin da aka sauya suna ne kurum, har yanzu zafi ake biya, ba yawan iska ba. Kuma tam ɗin bai mutu ba. A babbar kasuwar sari ta Ingila da kwabonsu a kan kowane tam ake faɗin farashi. A 2022, bayan da Rasha ta auka wa Yukiren, farashin ya haura fam 5 a kan tam ɗaya, abin da shekaru biyu kafin nan bai kai ko fam ɗaya ba. A Amurka kuwa kamfanoni da yawa da tam suke yi wa gidaje lissafi, manyan 'yan kasuwa kuma suna ciniki da BTU miliyan ɗaya, wanda shi ne tam 10.

Nan ne maganar ta shafe mu. Tun 1999 Nijeriya take fitar da gas da aka daskarar ya zama ruwa daga tsibirin Boni, kuma a kasuwar duniya da BTU miliyan ake yanke farashin irin wannan kaya. Wanda zai zauna a teburin ciniki da sunan ƙasarmu nan gaba, watakila yana cikin ɗakunan kwananmu yanzu, in bai iya juya BTU zuwa jul ba, sai abin da aka faɗa masa. Saboda haka ina roƙon malamanmu na kimiyya su ba wannan awo ko da darasi ɗaya ne, kada a tsallake shi don ba ya fitowa a jarrabawa.

Iyayenmu mata masu girki da tukunyar gas, su da kilo ake auna musu, kuma wannan ba laifi, domin zafin da ke cikin kilo ɗaya na irin wannan gas bai cika bambanta ba, muddin sikelin mai sayarwa na gaskiya ne. Na yi lissafi, tukunya mai kilo 12 da rabi tana ɗauke da kusan tam 6.