Injin Ya Sha Iska, Ma'aikaci Fa?

Kowane bakanike a Ƙofar Ruwa ya san mota ba ta tafiya da fetur kaɗai. Kilo guda na fetur yana bukatar iska wajen kilo 15 kafin ya ƙone sosai, sa'an nan hayaƙi ya fice ta salansa. In ƙurar hunturu ta toshe matatar iska, nan da nan mai mota zai biya a gyara. Ko kwamfuta ma ba a barinta ba fanka.

To, ashe lebura bai kai injin daraja ba? A waɗansu masana'antun Sharaɗa da Bompai, janareta na ruri dab da taga, watau hayaƙin da aka fitar shi ma'aikata ke sake shaƙa. A majemun Chalawa kuwa, warin magungunan jima ya isa shaida.

Dokar Masana'antu ta 1987 ta wajabta wadatar iska a kowane ɗakin aiki. Muna kira ga sufetocin Ma'aikatar Ƙwadago su shiga su duba ta inda iska ke shiga, da ta inda take fita. Kada a ruɗe su da fankar sama, gama a rufaffen ɗaki gurɓatacciyar iskar nan kawai take juyawa.